Mai Cokali da Kular da Ba Ta Riƙe Zafi

Duk wanda ya taɓa kai wa nasa abinci gidan yari ya san kafin ka ga wanda ka je gani, sai ka fara ganin Mai Cokali. Ganduroba ce mai muƙamin saje, gajeriya, mai ɗan jiki, tana tsaye bayan wani dogon teburin ƙarfe a rumfar da ke tsakanin ƙofar waje da ƙofar ciki. Shekara ashirin da shida ke nan tana kan teburin nan. An canza shugabannin gidan har sau bakwai, an canza launin kaki sau biyu, an sake wa rumfar rufi bayan iska ta yaye na farko, amma ita da cokalinta suna nan inda aka bar su.

Cokalin ma ba na gwamnati ba ne. Ranar da aka fara ɗora ta a kan binciken abinci, wani guntun ƙarfe mai tsatsa aka miƙa mata, aka ce da shi ake tonawa. Ta dubi ƙarfen, ta dubi layin matan da suka yi sammako suka hura wuta, ta ce ita dai hannunta ba zai sa wannan a abin da ɗan Adam zai ci ba. Washegari ta zo da cokalin girkinta, dogo, mai faɗin baki, wanda ta fi ji da shi. Mijinta tela ne, kuma har gobe idan hira ta yi daɗi sai ya ce a duk unguwar shi kaɗai ne gwamnati ta ƙwace wa cokali ba tare da ta ba shi ko takarda ba.

Aikinta yana da tsari. Da farko ta ɗaga kwanon da hannu biyu ta ji nauyinsa, kamar wadda aka miƙa wa jariri. Sannan ta buɗe ta shaƙa. Sannan cokali ya shiga, ya kai ƙasa, ya zaga gefe, ya ratsa tsakiya. Burodi ta yanka shi gida huɗu, sabulu ta huda shi, man goge baki ta matsa shi tun daga gindi. Abin da ya bambanta ta da sauran masu bincike shi ne abin da take yi bayan ta gama. Sai ta juya bayan cokali ta shafe saman abincin ya koma sumul, ta tsamo naman da ya nutse ta mayar da shi sama daidai inda mai girkin ta ɗora shi, ta goge bakin kwanon, sannan ta rufe. Ta wanke cokalin a bokitin kumfa, ta ɗauraye a na biyu, ta ce, "Na gaba."

Abokin aikinta a rumfar, wani ganduroba siriri da ake kira Dogo, shi ke laluben maza da jakunkunansu, kuma wannan shafe-shafen yana ƙona masa rai.

"Yaya, layin nan fa ya kai bakin titi. Bincike aka ce ki yi, ba kwalliya ba."

"Idan mai abincin ya buɗe a ciki, hannun uwarsa nake so ya gani, ba hannun gwamnati ba," in ji ta. "Kai dai ci gaba da shinshina takalman mutane."

Abin da cokalin nan ya tsamo a shekarun nan, da ajiyewa ake yi da ya cika shago. Ya tsamo waya a cikin burodi, an naɗe ta a leda an toya burodin a kanta. Ya tsamo reza a ƙarƙashin kifi. Ya tsamo wiwi a cikin albasar da aka rarake aka mayar mata da hularta, aikin da ita kanta Mai Cokali ta yaba, ta ce da mai shi zai sa wannan haƙurin a sana'a da ya yi gida. Ƙwayoyi kuwa ba a magana: a cikin wake, a cikin sukari, a bakin zani, har a cikin ƙashin kaza. Akwai wata da aka kama da layukan waya goma sha biyu a cikin sabulu, ta dafe ƙirji ta ce wallahi haka ta sayo shi. Mai Cokali ta ce to a nuna mata shagon, ita ma tana son irinsa.

Irin wannan aiki ba ya tsayawa a bakin ƙofa, bin mutum yake yi har gida. Ba ta iya ganin burodi ba ta latsa shi ba. Idan maƙwabciya ta aiko mata da abinci, sai ta ɗaga kwanon ta ji nauyinsa kafin ta ce an gode. Tela kuwa ya daina mamakin ganin ana juya masa shayi har ƙasan kofi bayan sukarin ya daɗe da narkewa.

"Ranki ya daɗe, an samu wani abu?" haka yake tambayarta kowace safiya.

"Yau dai ka tsira, Malam."

'Ya'yansu uku duk sun girma sun kama gabansu, kuma babbar takan ce su kaɗai ne yaran da ba su taɓa iya ɓoye alewa a aljihu ba.

Mutane suna ɗauka tsaurin nan hali ne kawai. Akwai abin da ya kawo shi. A shekararta ta huɗu a teburin, wata mata ta zo da kwano, aka bincike, aka shafe, aka rufe. Kafin ta kai ƙofar ciki aka fito aka ja ta gefe aka gaya mata ɗanta ya rasu a asibitin gidan da safiyar nan. Ƙwaya ya sha ta fi ƙarfinsa, ƙwayar da ba a san ta inda ta shigo ba. Matar ba ta yi kururuwa ba. Ta juyo ta miƙa wa Mai Cokali kwanon, ta ce, "Riƙe min," ta zauna a ƙasa. Kwanon da ɗuminsa. Mai Cokali ba ta cika ba da wannan labari ba, amma tun daga ranar idan wani ya yi mata tsawa a layi cewa tana wulaƙanta abincin mutane, ba ta ramawa. Sai dai ta ƙara nutsa cokalin.

To, ga wannan mata mai tsauri ne Allah ya haɗa da Inna Mai Kula.

Inna tsohuwa ce 'yar firit, bayanta ya ɗan ranƙwafa, tana tafe tana jan ƙafar hagu. Ɗanta na ƙarshe ne a ciki. Mutum ne mai shekara arba'in da furfura a gemu, amma har yau Auta take kiransa, har gandurobobin ma suka ɗauka. Shaye-shayen ƙwaya ne ya kai shi fasa wani kantin magani, aka yanke masa shekara takwas. Shekarar farko ya sha wuya, jikinsa yana karkarwa, yana zagin kowa har da uwar. Daga baya ya natsu, ya shiga sashen kafintoci, ya yi ƙiba. Duk ranar ziyara Inna tana nan, da ruwa da rana, ɗauke da wata tsohuwar kula koriya mai tsagaggen murfi da ta ɗaure da tsumma. A ciki shinkafa ce da miya, da yanka biyu na nama, ba ya ƙaruwa ba ya raguwa. Ƙa'idar gidan ita ce fursuna ya karɓi kwanonsa bayan an gaisa, ya shiga da shi ya ci, a wanke a fito da shi kafin a tashi ziyara. Inna takan zauna a benci ta jira kularta, tana ba Mai Cokali labarin ciwon gwiwa.

"'Yar nan, yau ma za ki dagula min girki?"

"Inna, ai ɗanɗana miki gishiri nake yi da ido."

"Idonki ya ce me?"

"Ya ce kin cika yaji. So kike Auta ya tashi gidan nan da atishawa?"

A shekarar farko cokali yana kaiwa ƙasan kular Inna kamar ta kowa. A ta uku yana tsayawa a tsakiya. Ba rana ɗaya Mai Cokali ta zauna ta yanke shawarar haka ba. Tsohuwar ce dai take tuna mata da tata uwar, ga hannun yana rawa wajen kwance tsumman, ga layi yana jira. Zuwa shekara ta shida, ɗagawar ma an daina. Inna ta buɗe, bakin cokali ya taɓa saman shinkafa, a rufe.

"Cokali ya gai da Inna," in ji Dogo. "Ya ce a gai da gida."

Aka yi dariya, har da mutanen layi. Mai Cokali ma ta yi. Ba ta kawo a ranta cewa cikin masu dariyar akwai wanda ba dariya ce ta kawo shi ba.

Wata ranar ziyara sai ga Inna da sabuwar kula, ja, babba, tana ƙyalli. Tana ɗora ta a teburi tana murmushi kamar wadda ta zo da jika.

"Iye! Inna an yi arziki. Ina tsohuwar ƙawar tamu?"

"Ta huta. Wani bawan Allah ne maƙwabcinmu, mai tasi, ya ga ina fama ya kawo min wannan. Shi ke kawo ni ma yanzu, har bakin titi. Ya ce shi ma ƙanensa yana ciki. Kin ga ko ɗaukarta ba na yi, a motarsa take kwana, sai da safe ya kawo min in zuba."

"Allah ya saka masa," in ji Mai Cokali. Cokali ya gai da shinkafa, aka rufe.

Haka aka yi sati uku. A cikin makonnin nan ne gidan ya fara rikicewa. Ma'aikaciyar asibitin gidan ta kai ƙara cewa ƙwaya ta dawo: an kawo mata mutum biyu ba sa gane kowa, na uku kuma ya fasa wa abokin ɗakinsa kai a kan bargo. Shugaban gidan, wanda kowa ke kira Oga, ya tara ma'aikata a fili, ya ce tunda ƙwaya ba fuka-fuki gare ta ba, to wani ne cikinsu ya buɗe mata hanya. Aka fara laluben gandurobobin kansu, ana cire musu takalma a bakin ƙofa. Mai Cokali ta tsaya a sahu da ƙirji a buɗe, har tana hararar wasu sababbin ma'aikata da take ganin idonsu bai kwanta mata ba. A gida ta ce wa Tela yaran yanzu ba su san amana ba.

Sati na huɗu, Inna ta ɗora jar kular a teburi tana tsaki.

"'Yar nan, kayan zamani dai sai kyan ido. Kin ga kular nan? Ba ta riƙe zafi ko kaɗan. Auta ya ce min shinkafar tana isa gare shi kamar an kwana da ita. Tsohuwar tawa da tsummanta ta fi ta sau goma. Kunyar mutumin kawai nake ji, da na koma wa abata."

Cokalin yana sama, ya kusa taɓa shinkafar, sai ya tsaya.

Mai Cokali ta ajiye shi. Ta ɗora tafin hannunta a jikin kular daga waje. Da ɗumi. Ita kuwa ta san kula kamar yadda Tela ya san yadi: mai kyau, cikinta zafi, bayanta sanyi, domin soson da ke tsakanin bangon ciki da na waje shi ke tsare zafin. Idan bayan kula ya yi ɗumi, to soson nan ba ya nan. Idan kuwa ba ya nan a sabuwar kula, wani ne ya cire shi, kuma ba don ya bar wurin fayau ba.

Ta ɗaga kular da hannu biyu, abin da rabonta da yi wa Inna har ta manta. Nauyin ya gaya mata sauran.

A bangon da ke bayanta akwai allo, ita da kanta ta sha nuna wa mutane shi da bakin cokali. An rubuta cewa duk wanda aka kama da haramtaccen kaya za a miƙa shi ga 'yan sanda, a kuma soke sunansa daga littafin ziyara har abada. Ta dubi Inna, wadda ke gyara ɗaurin kallabinta ba ta san komai ba. Saura shekara biyu Auta ya fita. Tsohuwar nan kuwa, idan aka hana ta ƙofar nan, ba lallai ta kai shekara biyun ba. Ba ta da wani abin da take ƙirga kwanaki da shi sai ranar ziyara.

Hanya mai sauƙi tana nan: ta rufe, ta ce na gaba, gobe ta sami Inna a gida ta ce ta yar da kular. Ta yi wannan tunanin, ba za a ce ba ta yi ba. Sai dai ɗumin da ke tafin hannunta irin na wancan kwanon ne da aka taɓa cewa ta riƙe.

"Inna, zo ki zauna nan kusa da ni, ƙafarki ta huta. Dogo, riƙe min layi."

Ta ɗauko kwanon abincinta na rana, ta juye nata a murfi, ta wanke shi, ta juye shinkafar Inna a ciki. Ta kifa kular. A gindinta akwai ƙananan kusoshi huɗu, bakinsu duk ya sha sukudireba. Ta sa ƙotar cokali ta kwance su. Gindin ya fita, ƙulle-ƙullen leda suka zubo a kan teburin ƙarfe, farare da jajaye, an jera su zagaye inda soso ya kamata ya kasance.

Mutanen layi suka matso.

Inna ta leƙo. "Maganin wa ye wannan?"

Ta dubi ledojin, ta dubi kular, ta dubi titi. Tsohuwar da ta yi shekaru tana tsintar irin waɗannan a aljihun ɗanta ba ta buƙatar a yi mata bayani sau biyu. Ta kama gefen teburin.

"Ni na kai masa?" ta ce a hankali. "Da hannuna? 'Yar nan, Auta ya sha?"

Dogo ya riga ya zura da gudu bakin titi, amma mai tasi ya ga zaman Inna ya yi tsawo, ya ja motarsa. Sai lambar motar da mai gadin ƙofar waje ya iya riƙewa.

A ofishin Oga aka baje ledojin. Oga mutum ne mai son takarda ta fita tsaf, ba mugu ba ne, amma wata ɗaya ke nan ana kiransa daga sama. Ya ce a rubuta rahoto, a kira 'yan sanda, a kawo littafin ziyara.

"Ranka ya daɗe, tsohuwar nan ba ta sani ba."

"Kowa haka yake cewa, Saje. Ke kika fi ni sani."

"Wanda ya san abin da ke cikin kula ba zai tsaya gaban mai bincike yana ƙorafin ba ta riƙe zafi ba. Ita ta tona kanta, ranka ya daɗe. Ni ban gano komai ba."

Oga ya dubi ledojin. Ya ce to, a ce haka ne. Cikin mutum ɗari da ke layi, me ya sa ita aka zaɓa? Abin da na sama za su tambaya ke nan, kuma idan ba amsa, amsar ita ce da saninta.

"Saboda ba na bincikenta," in ji Mai Cokali. "Kowa a layi ya sani. Kular nan sau uku tana wucewa ta hannuna."

Oga ya tashi ya rufe ƙofa. Ya jawo wata takarda daga ƙasan tarin da ke gabansa ya nuna mata. Takardar ƙarin girmanta ce, wadda ta shekara biyar tana jira, saura sa hannu.

"Ban ji abin da kika faɗa ba," ya ce. "Idan kika rubuta cewa yau kika kama, ke ce gwarzuwar wata, har hotonki sai an liƙa. Idan kika rubuta wancan, wannan takardar ta mutu, kuma saura miki wata goma sha huɗu ki yi ritaya. Tsohuwar ta tafi gida yau, ba zan sa a kwana da ita a caji ofis ba. Sunanta kuma na sa masa alama da fensir. Gobe da safe ki kawo min rahoto. Abin da kika rubuta, da shi zan yi aiki."

Kafin ta tashi aiki ta ɗauki shinkafar Inna da ke kwanonta, ta tona ta har ƙasa, ta shafe, ta ɗora yanka biyun a sama, ta aika wa Auta. Aka kira shi aka tambaye shi. Ya ce sati uku ke nan wani a ɓangarensu yake karɓar kular ya ce shi zai wanke, shi kuwa ya ɗauka kirki ne. Da aka gaya masa abin da aka samu, ya zauna a ƙasa ya rufe fuska da hannuwansa masu kaushin katako. Ma'aikaciyar asibiti ta gwada shi, ba a sami komai a jikinsa ba. Mai Cokali ta roƙi Dogo ya bi ta gidan Inna ya gaya mata wannan kaɗai.

Da yamma ta isa gida ta tarar da Tela a kan keke yana haɗa wuyan riga. Ta zauna a kan buhun ƙyallaye ba ta ko cire takalmi ba, ta ba shi labari tun daga farko. Ya saurara, ƙafarsa a kan feda ba ta motsi.

"Ikon Allah," ya ce. "Shekara ashirin da shida ana tona min shayi, ni da ko ƙwayar ciwon kai sai an matsa min nake sha. Ashe can ana gaisawa da shinkafa."

"Malam, ba wasa na zo yi ba."

"Na sani."

"Tausayinta na ji. Laifi ne?"

"Wa ya ce laifi ne? Sai dai kin ji shi a gaban mutane, su kuma suka ga inda ɗinki ya saki." Ya gyara zaman tabarau. "Ni dai tela ne. Idan na yanka yadi ya karkace, akwai masu cewa mai rigar ne kafaɗarsa ba daidai ba. Ana yi, kuma ana wucewa lafiya. Ni ban iya ba, shi ya sa har yau keken nan ɗaya ne."

"Ƙarin girman fa? Kai ka ce idan ya fito za mu gyara rufin ɗakin baya."

"Ɗakin baya ya saba da bokiti."

Ta yi dariyar da ba ta shirya ba, sannan ta share ido da bakin mayafi. Abin da ya fi ci mata rai ba takardar ba ce. Hararar da ta yi wa sababbin ma'aikatan nan ce, suna tsaye ba takalmi a bakin ƙofa saboda abin da ya bi ta ƙarƙashin cokalinta. Ta ce ya ba ta biro. Ya ba ta wanda yake rubuta awo da shi, ta share gefen teburin yanka, ta rubuta shafi ɗaya da rabi. Ta sa ranakun ukun, ta sa shekarar da ta daina ɗaga kular, har maganar Dogo ta gaisuwar cokali ta sa, don a san layi ya ji.

Oga ya karanta a tsaye. Ya ce, "Ke dai Saje, Allah ya shirye ki," ya ɗauki abin goge fensir ya goge alamar da ke kan sunan Inna.

Takardar ƙarin girma ta koma inda ta fito, aka aiko da ta gargaɗi a madadinta. 'Yan sanda suka yi wa Inna tambayoyi a matsayin shaida, suka ci gaba da neman mai tasi. An kama shi ko ba a kama ba, labarin bai dawo rumfar ba. Aka mayar da mai wankin kular wani gidan. Inna kuwa aka dakatar da ita wata ɗaya, don kada a ce ba a yi komai ba. An so a ɗauke Mai Cokali daga teburin, sai aka rasa mai son tsayuwar awa shida a kan miyar mutane, aka bar ta. Ta je ta sami sababbin ma'aikatan nan ɗaya bayan ɗaya ta ba su haƙuri, su kuwa suka rasa inda za su sa kansu.

Watan nan ya yi mata tsawo. Duk ranar ziyara idonta yana kan ƙarshen layi, ko da ta san ba za ta ga kowa ba. Tana kuma tunanin da wace fuska za ta tona abincin tsohuwar nan a gaban jama'a, kamar wadda ake zargi.

Ranar da wata ya cika, sai ga ƙafar hagu ana ja. Inna ta rame, amma kallabin nan a ɗaure yake tsaf. Ta ɗora koriyar kula a teburi, da tsummanta, ta shiga kwancewa. Layi ya zuba ido, don labari ya riga ya zaga.

Mai Cokali ta gaishe ta, murya ƙasa-ƙasa. Ta ɗaga kular da hannu biyu. Ta shafa bayanta, sanyi ƙalau. Ta kifa murfin ta duba. Da ta ɗauki cokali sai hannunta ya ɗan yi nauyi.

"Me kike jira?" in ji Inna, da muryar da ba a san tana da ita ba. "Nutsa shi, 'yar nan. Ki kai ƙasa." Ta juya ta fuskanci layin, ta bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya har bakin titi. "Ku matso ku gani da kyau. Wanda bai gani ba a ɗaga shi. Kular nan tawa har gindinta ake tonawa, duk sati. A kai labari."

"Inna, a hankali, kada ki kore mana baƙi," in ji Dogo.

"Kai kuma dogon banza, da kai aka yi dariyar."

Cokali ya shiga, ya kai ƙasa har aka ji ƙararsa a jikin ƙarfe, ya zaga gefe, ya ratsa tsakiya. Tururi ya taso ya bugi fuskar Mai Cokali, yajin ya shige mata hanci, ta juya gefe ta yi atishawa.

"Na gaya miki kina cika yaji."

"Shi haka yake so."

Ta juya bayan cokali ta shafe saman shinkafar. Ta nemo naman, sai ta ga yau uku ne.

"Inna, an yi ƙari?"

"Ɗayan naki ne. Na san ba za ki karɓa ba, doka ta hana. Ki dai gan shi."

Mai Cokali ta dube shi da kyau, ta jera su ukun a sama, ta goge bakin kular, ta taya ta ɗaure tsumman. Inna ta rungumi abarta ta nufi ƙofar ciki tana jan ƙafa. Aka wanke cokali a bokitin kumfa, aka ɗauraye a na biyu.

"Na gaba."